Akwatin wufa na motar a-kori-kura

Akwatin wufa na motar a-kori-kura akwati ne na katako, wani lokacin kuma na zaren gilashi da aka daskarar, wanda ake ɗaura babbar sifika a jikinsa domin ta fitar da amo mai kauri, irin na tambari ko babbar ganga, a cikin motar ɗaukar kaya. Masu sayar da kayan sauti suna kiran sifikar sabwufa, amma a bakin direbobi da masu wayarin mota sunan ya taƙaitu zuwa wufa. Aikinta ya tsaya a kan ƙasan sauti, daga girgiza 20 zuwa kimanin 200 a daƙiƙa guda, abin da ake rubutawa da alamar Hz, kuma a mota yawanci ana yanke mata duk abin da ya haura Hz 80 a bar wa ƙananan sifikun ƙofa. Abin da ya raba wannan akwati da na ƙaramar mota shi ne a-kori-kura ba ta da but, saboda haka ko dai a matse shi a bayan kujera ko a ƙarƙashinta, ko kuma a fitar da shi bodi, inda rana da ruwan sama da ƙura za su same shi.

Dalilin yin akwati

Faifan sifika yana motsi gaba da baya. Idan ya tura iska a gabansa, a daidai lokacin yana janye ta a bayansa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon amo mai Hz 40 ya fi mita takwas da rabi, tsawon da ya ninka faɗin sifikar sau da yawa. Idan babu abin da ya shiga tsakani, iskar gaba takan zagaya ta cike gurbin da aka bari a baya, su kashe juna. Wannan ne ya sa wufa da aka riƙe a hannu ake ganin tana rawa sosai amma ba a jin kaurinta. Akwati shi ne katangar da ke raba iskokin biyu, kuma iskar da ke kulle a cikinsa tana taimakawa wajen mayar da faifan mazauninsa.

Tarihi

Sifika mai naɗin waya da maganaɗisu, wadda kusan kowace wufa ta yau ta gada, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric ne suka bayyana ta a Amurka a 1925. Ba a daɗe ba aka gane cewa ingancin ƙasan sautinta ya rataya ne a kan abin da aka saka ta a ciki. Albert Thuras, injiniya a Bell Laboratories, ya sami takardar mallakar fasahar akwati mai hujin iska a 1932. Tushen dabarar ya girmi sifika kanta, domin masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin yadda iskar da ke cikin tulu mai wuya take amsa amo guda tun a ƙarni na 19. Duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalba ya ji ta yi gunji ya san abin, ko da bai san sunansa ba.

A 1954 Edgar Villchur ya fito da akasin haka, wato ƙaramin akwati toshasshe wanda iskar cikinsa ke riƙe faifan, kuma kamfanin Acoustic Research da ya kafa tare da Henry Kloss ya sayar da shi da sunan AR-1. Ana yawan danganta takardar mallaka ta farko ta sabwufa a matsayin na'ura mai zaman kanta ga Raymon Dones na jihar Kalifoniya, a 1964.

Kafin wannan zamani, yawancin maƙeran akwati suna aiki ne da gwaji da kunne. Lissafin da ya kawo tsari a sana'ar ya fito ne daga Ostireliya, inda Neville Thiele ya wallafa bincikensa kan akwatuna masu huji a 1961, sannan Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa shi a jerin maƙalu daga 1972. Alƙaluman da ke ɗauke da sunansu su ne har yau ake bugawa a takardar kowace wufa ta ƙwarai, kuma uku daga cikinsu sun fi muhimmanci: Fs, amon da faifan ya fi saurin amsawa; Qts, yadda rawarsa take lafawa; da Vas, laushin motsinsa da ake aunawa da litar iska. Daga su ake fitar da girman akwatin da ya dace da sifikar.

Shigar wufa cikin motar ɗaukar kaya ta zo daga baya. Kamfanin Stillwater Designs na Steve Irby, a jihar Oklahoma, ya fitar da akwatin Kicker a wajajen 1980, wanda aka tsara domin motoci, kuma ya yi suna wajen shiga bayan kujerar fikof, wato a-kori-kura. Siffar nan mai faɗin gindi da siririn kai, wadda ke bin karkatar kujera, ita ce har yanzu aka fi gani.

Ire-irensa

Toshasshen akwati ba shi da ƙofar iska ko ɗaya. Ya fi ƙanƙanta, ya fi sauƙin haɗawa, kuma yana yafe ƙaramin kuskuren awo, sai dai yana buƙatar amfilifaya mai ƙarfi. A cikin kan mota, inda wuri yake a matse kuma a rufe, ƙasan sauti yakan ƙaru da kansa, abin da ke cike gibin wannan nau'i. Shi ya sa ya fi dacewa da fikof mai kujera layi ɗaya.

Akwati mai huji yana da bututu ko zirin rami da aka auna tsawonsa da faɗinsa domin ya amsa a wani amo, galibi tsakanin Hz 30 da 40. Yana ba da ƙara fiye da toshasshe a wannan yanki, amma ya fi cin wuri, kuma idan kiɗa ya sauka ƙasa da amon hujin faifan yakan rasa mariƙinsa, har ya yage. A hanyoyin burji kuma hujin mashiga ce ta ƙura, wani lokacin har da ɓera. Akwai nau'i na uku da ake ɓoye sifikar gaba ɗaya a tsakanin ɗakuna biyu, amma ba kasafai ake yin sa a fikof ba.

Awo

Girman da ake nufi shi ne na cikin akwati, bayan an cire kaurin katako. Wufa mai inci 10 a toshasshen akwati takan nemi lita 14 zuwa 28, mai inci 12 kuma lita 28 zuwa 40 ko sama da haka, gwargwadon abin da maƙeranta suka rubuta. Ga akwati mai karkata, ana haɗa zurfin sama da na ƙasa a raba biyu, sannan a ninka da tsayi da faɗi. Misali, akwati mai faɗin santimita 80, tsayin 35, zurfin 9 a sama da 17 a ƙasa, matsakaicin zurfinsa 13 ne, kuma cikinsa lita 36.4. Daga nan ake rage lita biyu ko uku da maganaɗisun sifikar da sandunan tokara suka cinye. Dole kuma a bar ɗan sarari tsakanin gindin maganaɗisu da bangon baya, musamman ga sifikar da ke da hujin shan iska a gindinta.

Katako da haɗawa

An fi amfani da MDF mai kaurin milimita 18, wato allon da ake yi da niƙaƙƙen zaren itace da gam, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1960. Yana da nauyi, ba shi da gaɓa, kuma ba ya amsa amo. Cikakken falle mai ƙafa huɗu da takwas yakan kai kusan kilo 40. Babban aibinsa shi ne ruwa: da zarar ya jiƙe sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa yadda yake. Filawud mai kyau ya fi shi jure laima da riƙe sukuru, kuma ya fi sauƙin ɗauka, saboda haka shi ne zaɓin da ya fi ga akwatin da zai zauna a bodi. Ana samun duka biyun a kasuwar 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano.

Gam ɗin katako ne ainihin abin da ke riƙe akwati. Sukuru yana danne allunan ne har gam ya bushe, kuma a MDF sai an fara huda masa gurbi, in ba haka ba bakin allon ya tsage. Ƙusa zalla ba ta wadatarwa, domin girgiza tana zare ta a hankali. Bango mai faɗi ana tokare shi daga ciki, sannan a bi kowace kusurwa da silikon, a bar shi ya sha iska na kwana guda kafin a ɗaura sifika.

Shafe da rufi

Akwatin da ke cikin mota yawanci kafet ko leda ake manna masa da gam ɗin masu kujera. Kafet yana ɓoye kuskuren zarto, amma yana tara ƙurar hunturu, kuma a zafin bazara, lokacin da yanayi ke haura digiri 40 a Kano da Jigawa, cikin motar da aka kulle a rana kuma ya fi haka nesa, gam mara inganci yakan saki, kafet ya ɗaye daga gefuna.

Akwatin bodi ya fi buƙatar kulawa. Shafen da ya fi shahara gare shi asalinsa na kare bodin fikof ne daga karce da tsatsa, wato shafe mai kauri da kaushin tsakuwa da ake yi da sinadaran roba, foliyuretan ko foliyuriya. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano foliyuretan a Jamus a 1937. Kamfanoni irin su Line-X da Rhino Linings suna fesa nasu da injin matsi mai zafi, ya daskare cikin daƙiƙu, yayin da Raptor da Herculiner suke zuwa a gwangwani ko kwalba domin mai ƙaramin kwamfuresa ko burushi. Nau'in da ake gaurayawa da sinadarin daskarwa ba ya jira, kuma zafi yana ƙara gaggauta shi, don haka aka fi son a yi aikin da sassafe a inuwa.

Shirya katakon shi ne rabin aikin. Ana cike ramukan sukuru da foti, a goge jikin da samfefa mai lamba 80 zuwa 120, a dakushe kaifin kusurwoyi domin shafe ba ya zama da kauri a kan kaifi. Bakin MDF da aka yanka yana shan fenti kamar soso, saboda haka ake fara toshe shi da gam da aka sirka da ruwa kaɗan ko da ruwan zaren gilashi. Ana rufe mazaunin sifika da wurin waya da tef, domin kaushin shafen yana hana bakin sifikar zama daram, iska ta riƙa sulalewa. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda yakan zubo ko ya bushe a waje cikinsa na ɗanye. Ƙasan akwatin, da mutane suka fi mantawa, shi ne ke zama cikin ruwa da damina, kuma ana so a ɗaga shi a kan ƙafafun roba.

Inda ba a sami wannan shafe ba, fentin mai a kan toshasshen katako yana yin aiki na ɗan lokaci. Baƙin shafen ƙarƙashin mota mai kwalta kuwa yakan yi laushi a rana, ya ɓata buhu da tufafi.

Haɗin wuta

Wufar mota tana aiki da amfilifaya mai jan wutar batir mai bolt 12, kuma yawancin wufa ohm 4 ce ko 2, wato ma'aunin yadda take tare wuta. Ana sanya fis a kan babbar waya kusa da batir, bai wuce santimita 45 ba, sannan a ɗaure akwatin da jikin mota domin kada ya zama abin jifa idan an taka birki.

A karkarar Kano da Jigawa

A-kori-kura, tun daga Peugeot 404 da 504 har zuwa Toyota Hilux, ita ce jakin ƙauyuka a ranakun kasuwa irin su Juma'ar Wudil, Lahadin Dambatta da Alhamis ɗin Maigatari, kuma a irin wannan tafiya kowane taƙin bodi na buhu ne ko na dabba, don haka wufar direba a cikin kan mota take ɓuya. Manyan akwatunan bodi sun fi fitowa a wurin biki da gangamin siyasa, inda ake haɗa su da janareta. Masu tallar magani da masu shela kuwa lasifika mai bakin ƙaho suke ɗaurawa, domin murya suke son ta yi nisa, ita kuwa wufa ba ta fitar da magana. Aikin akwati yakan rabu tsakanin kafinta, mai fentin mota da mai wayarin.

Illa da saɓani

Ƙurar MDF da tururin shafen foliyuretan suna cutar da huhu, kuma ƙyalle a hanci ba ya tare tururin. Sautin da ya kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara yana lahanta ji idan aka daɗe a cikinsa. Ƙure kiɗa a kusa da masallaci ko cikin dare abu ne da ake yawan samun saɓani a kansa tsakanin matasa da dattawan gari.