Waiwaye: Yadda Aka Fara Leƙa Cikin Gilashin Bismut

Ido na ratsa gilashi, amma gano yadda ƙwayoyin zarrar cikinsa suka zauna ya ba masana wuya. A 1912, a birnin Munich, Max von Laue da abokan aikinsa suka haska kiristal da hasken eksire, sai ɗigo-ɗigo masu tsari suka fito a faifan hoto. A 1913 Bragg da ɗansa suka bi wannan hanya suka gano tsarin gishirin miya. Gilashi kuwa, da aka haska shi, zobba ne kawai suka bayyana, dishi-dishi kamar rana a cikin hazo.

Nan gardama ta tashi. A 1921 Lebedev na Rasha ya ce ƙananan kiristal ne cunkushe a cikin gilashi. William Zachariasen na Jami'ar Chicago ya ce a 1932 raga ce mai ci gaba wadda saƙarta ba ta maimaita kanta. Awon da Bertram Warren ya yi a jami'ar MIT ta Amurka ya ƙarfafa maganarsa: a gilashin yashi, kowace ƙwayar silikon tana kewaye da oksijin huɗu.

Bismut, wani ƙarfe da ake sawa a wasu gilasai, ya fi haka taurin kai. Shi da oksijin kaɗai ba su cika zama gilashi ba, sai an haɗa da sinadarin boron ko silikon. Ga kuma nauyi. Ilektaron, ƙananan ɓurɓushin da ke kewaya ƙwayar zarra, su ne ke warwatsa hasken eksire, bismut yana da 83, oksijin 8 kacal, don haka ƙwayar bismut ɗaya takan rinjayi ta oksijin fiye da sau ɗari. Neman oksijin a nan tamkar sauraron raɗa ne a gefen tambari. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, sirrin tsarin gilashin yana wurin oksijin ɗin: bismut yana da ilektaron biyu da ba sa shiga ɗaurin da ke haɗa shi da sauran ƙwayoyi, sukan ture oksijin gefe guda, kamar yadda suke yi a darma.

Shi ya sa aka koma haɗa awo biyu, na niyutaron, wani ɓurɓushi daga tsakiyar ƙwayar zarra, da ke ganin oksijin sosai, da na eksire mai ƙarfi daga manyan injuna irin na Grenoble a Faransa da SPring-8 a Japan, sannan kwamfuta ta gina tsarin da ya dace da duka biyun.

Buƙatar aikin ta ƙaru tun 2006, lokacin da dokar Tarayyar Turai ta taƙaita darma a kayan lantarki, masana'antu suka juya ga bismut wajen gilashin liƙe kayayyaki.