Kafin ka miƙa wa maƙwabci dashe, tuge ɗaya ka duba saiwar

Salamu alaikum jama'ar Damagaram, barkanmu da shigowar sanyi. Ni malamin gona ne, kuma wannan lokacin kusan duk gidan da na leƙa daga Birni har Zango sai in tarar da ɗan fangali a bayan ɗaki, salati ne, shu ne wato kabeji, tumatir ne, albasa ce. Wanda nashi irin ya tsiro da yawa sai ya cire ya aika ma maƙwabta a kwano, wallahi abin na burge ni, don 'yar ledar iri ɗaya yanzu kuɗi ce, ga ruwa da kowa ya san yadda muke shan wahalarshi a garin nan, ba wanda zai so ya yi wata guda yana ban ruwa da bido a banza.

To amma fa cuta ma a kwanon take tafiya. Satin da ya wuce wata dattijuwa a kartiyenmu ta ce in zo in ga tumatir ɗinta, ya ƙi girma, ganye ya yi rawaya, rana na ɗagawa sai ya langaɓe ko da ƙasa na da lema. Na ce Inna bari in tuge ɗaya. Saiwar duk ƙulu-ƙulu kamar an jera tasbaha. Wata tsutsa ce ƙarama da ido ba ya gani, cikin ƙasa take zama, kuma da ƙasar da ta manne a jikin dashen kyauta ta shigo mata gida. Wanda ya ba ta bai sani ba, da zuciya ɗaya ya yi.

Shi ya sa nake cewa a tuge ɗaya a wanke saiwa a duba, lafiyayya fara ce sumul. A juya bayan ganye kuma, in an girgiza farin ƙuda ya tashi ko ganyen ya nannaɗe ya ƙanƙance, kar a bayar. In ka ga farin tabo kamar an cinye cikin ganye an bar fatar, wannan tsutsar tumatir ce da ake kira Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kano a 2016, a ƙone dashen kawai. Tumatir da shu sati 3 zuwa 4 sun isa dashe, albasa kuwa sai ta yi kamar kwana 45 ta kusa kaurin fensir. A jiƙa fangalin kafin a cire, a dasa bayan la'asar, kar a ba yaro ya yi ta yawo da shi cikin rana.

Sai maganar tara ma dabbobi abinci da matasa suka fara, mai dusa ya kawo, mai harawa ya kawo, a kai ma gidan da akuyarsu ko jakinsu ke rama. Madalla. Sai dai wasu dusar da ta sha lema ta yi fumfuna suke kwasowa don su rabu da ita, haba Alhaji, wannan ai guba ce, hanta take lalatawa kuma tana biyowa har cikin nono. A tsince leda ma, don in ta taru a tumbin akuya sai ka ga tana ta ramewa ciki a kumbure.

Masu tara ma kyanwa da kare sauran abinci kuma, a cire abin da albasa ko tafarnuwa ta yi yawa, tana lalata masu jini, ƙashin kaza dafaffe shi ma tsagewa yake ya soki hanji. Kuma in kun kai abincin ku tambayi mai karen ko an yi mashi allurar haukan kare bana, in ba a yi ba ku raka shi wajen likitan dabbobi.