Kalmar "love" ba daga Latin ta fito ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk kalmar Turanci 'yar Latin ce, har da "love". Ba haka ba ne. A Latin, so shi ne "amor", wanda ya haifi "amour" na Faransanci.

Ita "love" daga "lufu" ta tsohon Turanci ta fito, saiwarta kuma *leubh- ce ta tsohon harshen Indo-Turai, kakan yawancin harsunan Turai da wasu na Indiya, wanda ba a taɓa rubutawa ba, masana ne suka zaƙulo shi ta kwatanta jikokinsa. Saiwar nan ta ba Jamusanci "Liebe", Rashanci "lyubov", Sanskrit na Indiya kuma "lubhyati", wato yana kwaɗayi. Rabon Latin shi ne "libido", sha'awa.

Abin da ya fi burge ni, "believe", yarda, ita ma 'yar gidan ce.