Maƙarƙashiya a jikin tsohuwar kyanwa: ruwa ne farkon magani

Kyanwa, ko mussa kamar yadda muke cewa a Sakkwato, idan ta haura shekara 10 hanjinta yakan fara nawa. Mai lafiya tana kashi kusan kullum. Idan ta kwana biyu ba ta yi ba, ko tana ta yunƙuri sai 'yan ƙwaya busassu ke fitowa, maƙarƙashiya ce. Tunda kyanwowinmu a waje suke binne kashinsu, mai gida ba ya lura da wuri. A ajiye mata faranti mai gajeren baki cike da yashi, a riƙa dubawa kowace safiya.

Yawanci tushen matsalar ƙarancin ruwa ne. Ƙodar tsohuwar kyanwa takan yi rauni, ruwa ya riƙa zubewa ta fitsari, sai babban hanji ya tsotse wanda ke cikin kashi har ya zama kamar tsakuwa. Zafin bazara da ke wuce digiri 40 da bushewar hunturu suna ƙara ta'azzara abin. Akwai kuma ciwon gaɓoɓi da ke hana ta tsugunawa, da gashin da take haɗiya, da ƙashin kaza ko ƙayar kifi, da tsohuwar karayar ƙugu.

Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar ruwa kamar mililita 200 a rana, har da na cikin abinci, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya wata. A ajiye kwanuka biyu ko uku a inuwa, nesa da wurin kashinta, ana canza ruwan safe da yamma. A jiƙa abincinta da romon kaza wanda ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jininta. Ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa a cikin abinci yana taimakawa idan matsalar ba ta yi nisa ba. A riƙa taje mata gashi.

Likitan dabbobi yakan ba da laktulos, wani maganin sha mai tausasa kashi, kimanin rabin mililita ga kowane kilo, sau biyu ko uku a rana, yana daidaitawa har kashin ya yi laushi. Don Allah kada a ɗura mata mai a baki: idan ta ƙware, ya sauka huhu. Maganin matsi ta dubura na mutane mai sinadarin fosfet yana kashe kyanwa, haka ma farasitamol.

Abu biyu ke ruɗar mutane. Wani lokaci ruwa-ruwa ke tsiyaya ta gefen busasshen kashi, a ɗauka zawo ne. Na biyun ya fi haɗari: muzuru mai yunƙuri babu ɗigon fitsari, hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma zai iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Wannan a ranar ake kai shi asibiti.

Idan ta kwana uku ba kashi, ko tana amai, ko ta ƙi abinci, a kai ta asibitin dabbobi mafi kusa ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Za a ƙara mata ruwa, a duba ƙoda, a fitar da kashin bayan an sa ta barci. Jinkiri yana sa hanji ya buɗe ya daina matsawa. A wannan mataki kabewa ƙara cunkoso take yi, wani lokaci sai an yanke ɓangaren hanjin.