"Kamfail": ba saukar da manhaja ba ne, kuma ba shaidar tana aiki ba ce

Tun da koyon rubuta manhaja ya zama yayi, musamman bayan ƙaddamar da shirin 3MTT na gwamnatin Najeriya, mai koyar da fasahar zamani, a 2023, kalmar "kamfail" ta shiga bakin kowa. A shirin fasaha na rediyo sai ka ji baƙo yana cewa "ka kamfail ɗinta a wayarka", alhali saukewa yake nufi. Kamfail shi ne a miƙa rubutun da mutum ya yi da harshe irin C ga wata manhaja da ake kira kamfaila, ta mayar da shi umarnin da injin ke ganewa. Abin da ke Play Store an riga an yi masa wannan aikin.

Wannan kuskuren da sauƙi. Wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na masu koyon da kansu: da zarar aikin ya wuce ba jan rubutun da ke nuna kuskure, sai su ce "ta kamfail, an gama". Sun ɗauka tunda rubutun ɗaya ne, abin da zai fito a kowace kwamfuta ma ɗaya ne.

Ɗauki ƙaramar manhajar C mai ƙirga haruffan da ke cikin fayil. A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke ajiye haruffa da shi a matsayin lambobi, harafin ƙ ba lamba ɗaya ba ce, biyu ce: 198 da 153. To, ƙa'idar C ba ta yanke hukunci kan yadda za a karanta lamba irin wannan a ma'ajiyar char (wurin da C ke ajiye irin wannan lamba guda) ba, ta bar wa kamfaila da injin. Kamfailar GCC a kwamfuta mai Intel ko AMD zai ga 198 a matsayin -58. GCC ɗin nan dai, a ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai Linux, 198 zai gani yadda take. Idan marubucin ya tanadi jeri mai gurbi 256 yana zuba ƙirge a ciki, a Pi komai lafiya lau. A laftof kuwa manhajar za ta nemi gurbi na -58, wanda babu shi, ta yi rubutu a wurin da ba nata ba. Wata rana ta ba da ƙirgen banza, wata rana ta mutu. Duk biyun sun kamfail. Kuma mai rubutun, in Turanci zalla yake gwadawa da shi, ba zai taɓa gani ba, don haruffansa duk ƙasa da 128 suke. Sai ta iso hannun mai rubuta "ƙasa" da "ɗaki" asiri ya tonu. Gyaran bai wuce a rubuta unsigned char, wato char da ba ta sauka ƙasa da sifili, ba.

Su kansu kamfailolin ba bakinsu ɗaya ba. Ka buga gcc a Mac, Clang, kamfailar da Apple ke amfani da ita, ne zai amsa maka, ba GCC da Richard Stallman ya fitar a 1987 ba. Shi ma GCC yana sauya hali: na 14, wanda ya fito a 2024, ya daina lamuntar a kira wani aiki (function) a cikin rubutun da ba a gabatar da shi tun farko ba, abin da ƙa'idar C ta soke tun 1999. Tsofaffin manhajoji da dama suka ƙi haɗuwa, aka yi ta ƙorafi. Ni dai ina bayansa. Gargaɗin shekara da shekaru ba wanda ya kula.

Windows kuma nata daban. Kamfailar Microsoft ba ta zuwa da fayil ɗin unistd.h da manhajojin Unix (dangin Linux da Mac) suka dogara da shi, shi ya sa ake komawa ga MinGW ko Cygwin, masu kawo GCC cikin Windows. Ko ka tsallake wannan, Windows da alama biyu take rufe layi, Linux da ɗaya, don haka manhajar da aka haɗa a Linux kan ƙirga harafi guda na ƙari a ƙarshen kowane layin fayil ɗin da aka rubuta a Windows.