Furen Iris na Gindin Duwatsun Roki: Kyau a Ido, Guba a Saiwa

A fadamun da ke gindin duwatsun Roki a yammacin Amurka, daga jihar Montana zuwa Kolorado, akwai wani tsiron daji da masana ke kira Iris missouriensis, sunan da masanin tsirrai Thomas Nuttall ya raɗa masa a shekarar 1834. Ganyensa dogo ne siriri kamar takobi, furensa shuɗi mai haske da zane-zane masu duhu, kuma yakan buɗe tsakanin Mayu da Yuli, bayan ƙanƙara ta narke ta jiƙa ƙasa.

Baƙo idan ya tarar da fadama ta yi shuɗi da wannan fure zai ɗauka albarka ce, amma mu malaman gona abin da muke gani daban ne. Shanu ba sa cin ganyen saboda ɗacinsa, sai su bi ciyawar da ke kewaye da shi su cinye ƙarƙaf, shi kuwa ya samu sarari ya bazu ta ƙarƙashin ƙasa shekara bayan shekara. Saboda haka yawansa yakan nuna cewa kiwo ya fi ƙarfin wurin. Makiyayinmu da ya ga yadda tafasa ke mamaye makiyayar da dabbobi suka tattake ya riga ya san wannan ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne saiwar. Kauri gare ta da gaɓoɓi, har wanda bai sani ba zai iya ɗauka ɗanyar citta ce, alhali a cikinta gubar ta fi taruwa. Wanda ya tauna zai ji baki da maƙogwaro suna zafi, amai da gudawa su biyo baya, kuma ruwanta yakan sa fatar wasu ƙaiƙayi. 'Yan maruƙa ma sukan kamu idan aka tono saiwar aka bar ta a fili.

Ina roƙon 'yan'uwa mazauna can, da duk mai shuka dangin wannan fure a gida don ado, kada a bar yara su yi wasa da saiwar, kuma a sa safar hannu wajen tono. Idan yaro ya ci, a wanke masa baki a garzaya da shi asibiti da guntun tsiron a hannu. A makiyaya kuwa, datsa saiwar da garma ba ya kashe ta, domin guntun da aka bari yakan sake tofowa. A tone ta gaba ɗaya a kwashe, sannan a ɗauke dabbobi daga wurin har ciyawa ta farfaɗo.