Zunubi, ceto da gafara a addinin Kirista

Ceto a wurin Kirista shi ne kuɓutar mutum daga zunubi da hukuncinsa ta hanyar mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa a rana ta uku. Mu nan Katsina muna zaune da su, muna jin waƙoƙinsu ran Lahadi, amma kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗa maka abin da suke nufi in sun ce wane "ya sami ceto".

Tushen maganar zunubi ne. Su ba sa kallonsa a matsayin laifin da ka aikata jiya kawai, cewa suke tun da Adamu da Hauwa'u suka ci 'ya'yan itacen da aka hana su (littafin Farawa sura 3, a Littafi Mai Tsarki) halin ɗan Adam ya gurɓace, kowa da shi ake haifarsa, shi ake kira zunubin asali, kuma Romawa 5:12 ce babbar hujjarsu. Wanda ya fi kowa kafa wannan koyarwa shi ne Agustin (354 zuwa 430), bishop ɗin garin Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau, ɗan Afirka ne fa. Ya yi ta ja da wani Felajiyus mai cewa mutum zai iya gyara kansa da ƙoƙarinsa, har majalisar shugabannin coci ta Kartaj ta 418 ta yi watsi da ra'ayin Felajiyus ɗin. A kan zunubin asali ne Kiristoci suka rabu da Musulunci, inda Annabi Adamu ya tuba aka yafe masa, ba wanda ya gaji laifinsa, gicciyewar ma Alƙur'ani ya kore ta.

To a wurinsu zunubi bashi ne da mai shi ba ya iya biya, sai wani ya biya masa, shi ya sa kalmar alheri take da nauyi a coci, ba alherin da ka yi wa maƙwabci ake nufi ba, kyautar Allah ce da ba ka cancanta ba (Afisawa 2:8-9). Rigimar ita ce yaya ake karɓarta. Martin Luther, wanda ya tada ƙura a Jamus a 1517 kan sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi, ya ce bangaskiya kaɗai ta isa, ayyukan kirki daga baya suke biyowa. Katolika a majalisar Trent (1545 zuwa 1563) suka ce alheri ne dai, amma ta baftisma da sauran sakramenti, wato ibadu masu tsarki na coci, yake shiga, kuma sai mutum ya ba da haɗin kai. Sai a 1999 a Augsburg suka sa hannu kan matsaya guda da Lutheran, mabiya Luther, ba wai duk sun daidaita ba.

Bambancin a fili yake a jihar nan. Ɗan ECWA, cocin da ta fito daga mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da suka taɓa riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga, kai tsaye yake tuba ga Allah. Ɗan Katolika kuwa zai je wurin fada, wato limaminsu, ya furta zunubansa, aƙalla sau ɗaya a shekara, dokar tun 1215 take, su da suka samu dayosis nasu na Katsina, wato yankin da bishop ke jagoranta, a 2023 da Bishop Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi.

Abin da ni na ga ya fi wuya shi ne sharaɗin da ke cikin Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, a yafe maka kamar yadda kake yafe wa wanda ya yi maka laifi, kuma da Bitrus, almajirin Yesu, ya tambaye shi ko yafewa sau bakwai ta isa, amsar da ya samu a Matiyu 18 ita ce bakwai sau saba'in.